Mamatan da Ba Sa Shiga Lissafin Ambaliya

Duk shekara, da zarar marka ta kankama, hukumomi a Yamai sukan shiga fitar da alƙaluma, gidajen rediyo suna karanta mana safe da maraice. Mutum kaza ruwa ya ci, mutum kaza gini ya danne, gidaje kaza sun zube, rumbuna kaza, azuzuwa kaza, bisashe kaza. A daminar 2024 lissafin ya kai mamata kusan 400, da mutum sama da miliyan ɗaya da rabi da abin ya taɓa. A shekarar ce tsohon masallacin Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya kwanta a farkon Satumba. Aka kuma ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda wasu azuzuwan sun rushe, wasu kuma jama'a ne a ciki da tabarminsu da tukwanensu.

Ba ƙaryata alƙaluman nan nake ba. Amma lissafin ranar farko ne. Yarinyar da zawo ya tsinke wa kwana goma bayan ruwa ya janye ba ta ciki. Mai naƙudar da motarta ta tsaya a bakin ƙorama ana jiran ruwa ya rage, ba ta ciki. Tsohon da maganin hawan jininsa ya jiƙe tare da katifarsa, ya yi wata guda bai sha ba, aka wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, shi ma ba ya ciki. In ka tambaya a ce maka ajali, kuma ajalin ne, ba mai musu. Sai dai ajali yakan zo da sanadi, bin sawun sanadin kuwa aikin hukuma ne. Mu jama'a ce da ke rufe mamacinta kafin rana ta faɗi, ba mai tsayawa jiran takardar likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a nahiyarmu mutuwa ɗaya cikin goma ce ake rubutawa a rajista. To wa zai tsaya ya ce ruwa ne?

Inda aka zauna aka yi lissafin da gaske, abin da ya fito ya ba da tsoro. A tsibirin Puwato Riko, bayan guguwar Mariya ta 2017, hukuma ta daɗe tana cewa mutum 64 suka rasu. Da masu bincike na Jami'ar George Washington suka gwada yawan rashe-rashen watannin da suka biyo baya da abin da aka saba gani a sauran shekaru, sai adadin ya koma 2,975, gwamnatin tsibirin kuma ta karɓa. Mumbai ta Indiya ta fi kusa da halin da muke ciki. A ranar 26 ga Yulin 2005 an zuba mata ruwa milimita 944 a kwana ɗaya, fiye da abin da Gaya, wadda ta fi ko'ina ruwa a Nijar, takan samu a damina sukutum. Wannan ranar kowa ya ji labarinta. Wanda ba a ji ba shi ne na sauran ranakun. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2025 ya ɗauko rajistar mamatan birnin ta shekara goma, unguwa-unguwa, ya jera ta da ruwan da aka yi kowace rana. Sai ga shi ruwan damina na yau da kullum yana sanadin mutuwar mutum sama da 2,000 kowace shekara, mafi yawansu daga unguwannin talakawa, ƙananan yara kuma su ne kan gaba. Abin ya fi muni idan saukar ruwan ta zo daidai da lokacin da teku ya cika ya tumbatsa.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan garinmu Zabori da tumbatsar teku. Daga gadar Gaya zuwa Kwatano tafiyar sama da kilomita 700 ce, mu kuwa muna can arewa da Gaya, a gundumar Junju, gefen iyakar Najeriya. Amsar tana tasha. A je a tsaya bayan an ɗaure dammunan hatsi, a ga samarin da ke hawa mota da jakar leda da tabarma a naɗe. Wasu su bi Malanbil da Faraku su sauka Kwatano, wasu su shiga ta Kamba su gangara Legas, wasu har Lome da Akara. Can su ne masu gadi, masu tura baron ruwa, masu dako a kasuwa, masu gyaran takalmi, masu tsintar ƙarafa a bola, masu shayi a bakin titi. Kuɗin da ake sayen buhun masara a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da yawa daga can yake zuwa. Da can akan ce ɗan ci-rani yana dawowa kafin ruwan shuka, don haka damina ba ta riskarsa a kudu. Wannan zancen ko a da bai cika ba, domin babbar daminar Kwatano da Legas tana farawa tun Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni, wato wanda ya dawo shuka ma ya riga ya sha rabinta. Yanzu kuwa da yawa ba sa dawowa. Sukan aiko da kuɗin 'yan ƙwadago su yi zamansu.

Uwa takan kira ɗanta ta ce, "Yaya ruwa a can?" Ya ce, "Ya yi gyara, Inna." Yana faɗa yana tsaye a kan benci, wayar a hannu ɗaya, takalmansa a ɗaya hannun.

Wanda ya tashi a kwarinmu na Dallol Mawri ba sai an yi masa dogon bayani ba, domin ya san ƙasar da ruwanta ke kusa. Shi ya sa rake ke yi a wajenmu, shi ya sa giginya ta cika kwarin har zuwa Gaya, shi ya sa a fadama gaba biyu ko uku za ka gina ka tarar da ruwa. Albarka ce mai sharaɗi. In an gina salga kusa da rijiya, a sama kowacce tana wurinta, a ƙarƙashi kuwa hanyarsu ɗaya. Idan marka ta yi, ƙasa ta ƙoshi, abin da ke cikin wannan yakan tsiyaya zuwa waccan, ruwan kuma ya fito garau a guga, ba wari ba launi. Kwatano fadamar nan ce, aka ɗora mata ɗaruruwan dubban mutane, aka sa mata teku a kudu da tabki a arewa.

Birnin yana zaune ne a kan yashi, tsakanin tekun Atilantika da tabkin Nokuwe, wanda kogin Weme ke zuba wa ruwan da ya kwaso tun daga arewacin Benin. Mashigar da ta raba garin biyu, wadda kasuwar Dantokpa ke bakinta, Faransawa ne suka haƙa ta a 1885 don tabkin ya sami mafita. A 2010 ruwa ya shafi ƙananan hukumomi 55 cikin 77 na ƙasar, mutum wajen 680,000, kwalara kuma ta biyo baya. A gabashin birnin, wajen Akpakpa, teku ya yi shekaru yana cin gaɓa yana haɗiye gidaje, tun bayan da tashar jiragen ruwan da aka gina a shekarun 1960 ta tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma. Ita ce tashar da kayan Nijar suka daɗe suna bi, don haka mu ma mun ci moriyarta.

Masana sun ce daga 1901 zuwa 2018 teku ya ɗaga da kimanin santimita 20, kuma a 'yan shekarun nan yana ƙaruwa da kusan milimita 4 a shekara. Mai ji zai yi dariya: taƙi guda a shekara ɗari? Ai ba hawan teku kan titi ne abin tsoro na farko ba. Kowane lambatu a birnin bakin teku gangara yake bi, ya je ya zuba a tabki ko a teku. Idan bakin da yake zubarwa ya nutse, ruwan ba shi da wurin zuwa, sai ya tsaya, wani lokaci ma ya juyo baya da duk abin da ya kwaso. Teku yana cika ya janye sau biyu a kwana. Kowane santimita da ya ƙaru yana tsawaita sa'o'in da bakin lambatun ke toshe. Ga kuma ƙasar kanta tana lotsawa a wurare da dama, saboda yawan rijiyoyin burtsatse da ke zuƙe ruwan ƙarƙashi da kuma gine-gine masu nauyi a kan dausayin da aka cike da yashi. Jakarta ta Indunisiya ta lotsa har gwamnati ta yanke shawarar gina sabon babban birni a wani tsibiri. Ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ma yana ɗagowa tare da teku, ya taɓo gindin salga, ya shigar da gishiri rijiya. A gaɓar Bangaladesh likitoci sun ga alaƙa tsakanin ruwan sha mai gishiri da hawan jinin masu ciki.

Ruwan sama ma ya sake hali. Iska in ta ƙara zafi da digiri ɗaya tana iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, abin da ta ɗauka kuwa sai ta sauke. Wani nazarin hotunan tauraron ɗan'adam da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Manomi ya riga masana gani: a yi kwana ashirin ba ɗigo, gero yana murɗewa, sannan a sauke na wata guda a dare ɗaya. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, birane da yawa sun yi faɗinsu ne a shekarun fari, tsakanin 1973 da 1984 da bayansu, lokacin da kwari da tsohuwar hanyar ruwa suka bushe har suka yi kama da filin gini. Aka yanka fuloti, aka sayar, aka buga hatimi. Ruwa ya dawo ya tarar da mutane a kan hanyarsa.

A duba kasuwar Mil 12 ta Legas washegarin ruwa. Nan motocin tumatir da albasa da tattasai na arewa ke sauke kaya, kuma unguwannin da ke bayanta suna cikin kwarin kogin Ogun, wanda ke cika idan an saki ruwan madatsar Oyan. Ɗan dako ya naɗe wando zuwa gwiwa, kwando a ka, silifa a ƙafa ko ma babu, yana ratsa ruwa baƙi wanda ya haɗa ruɓaɓɓen kayan gwari da na kwata da na makewayin da ya cika ya tumbatsa. A dugadugansa akwai faso, a yatsansa akwai yankan gwangwani na shekaranjiya. Ta nan ƙwayar cutar da ke cikin fitsarin ɓera take shiga, wadda likitoci ke kira leptospirosis, kuma daban take da Lassa. Bayan mako ɗaya ko biyu sai zazzaɓi, ciwon kai, ciwon ƙwauri, idanu su yi ja. Ya je kemis, a haɗa masa na maleriya da na taifod, domin a ƙasashenmu kusan kowane zazzaɓi ɗayan biyun nan ake ce masa. Yawanci yakan warke. Wani kuwa sai shawara ta bayyana, fitsari ya ɗauke, ƙoda ta tsaya. A Mumbai da Manila hukumomin lafiya kan yi shela bayan ambaliya cewa duk wanda ya ratsa ruwa ya je a duba shi a ba shi maganin kariya, ƙwaya ce mai araha. A Legas da Kwatano ɗan dako bai ma taɓa jin sunan ciwon ba.

Kwalara ita kam an san ta. A 2021 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500. A Nijar ta kama sama da 5,000, ta kashe sama da 150, jihar Doso na cikin inda ta shiga. A Yunin 2024, da damina ta sauka, ta ɓarke a Legas, har cikin gidan yarin Kirikiri, hukumomin jihar kuma suka ce sun bi sawun wasu daga cikin masu ciwon har zuwa wani kunun aya da ake sayarwa a robobi. Na lura duk sanda irin wannan ta faru, yatsa yakan nufi mai talla da mai baron ruwa, waɗanda da yawansu namu ne. To amma mai baro a ina ya ɗebo? A burtsatsen wani mai gida, a unguwar da famfon gwamnati bai taɓa zuwa ba, ko ya zo bututunsa yana kwance cikin kwata, ya tsage, yana zuƙar ƙazanta duk lokacin da aka ɗauke ruwa. Birnin da ya bar mafi yawan mazaunansa su nemi ruwan sha da kansu bai kamata ya yi mamakin abin da ke cikin jarka ba. Wannan ba ya wanke mai baron da ya shekara bai wanke jarkarsa ba.

Idan ciwo ya yi tsanani, abin da 'yan ɗaki kan ce ɗaya ne: a kai shi gida. A haɗa kuɗin mota, a sa wani ya raka shi. Ƙwayar kwalara takan nuna kanta tsakanin 'yan sa'o'i zuwa kwana biyar, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauke ta ba sa kwanciya, suna yawo da ita kwanaki suna zubarwa. Mutum zai iya barin Kwatano lafiya lau, ya kwana Faraku, ya ƙetare kogi, ya iso ƙauye, ya zaga bayan gida a gefen fadamar da rijiyar unguwa take. Da haka tumbatsar tabkin Nokuwe ke isowa randar gidan da ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinsa.

Kada kuma a ɗauka sai bakin teku. Yamai ba ta da teku, amma kogin Isa yana yi mata irin aikin. A Satumban 2020 ma'aunin kogin ya kai santimita 700, alhali jan gargaɗi yana kan 620; shingayen ƙasa suka fashe, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Saga. Wannan jan ruwan na damina daga ƙoramun Sirba da Dargol da Goruwal yake zuwa, daga ƙasar da aka sare itatuwanta ta yi tauri ba ta shan ruwa. Masu cewa madatsar Kandaji za ta raba mu da ambaliya in an gama ta, su duba taswira: Sirba da Dargol a ƙasa da madatsar suke shiga kogi. Ruwan da ya wuce Yamai kuma mu yake nufa, Gaya da Malanbil da Karimama, ya cinye shinkafa a gona. A Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle a 10 ga Satumban 2024, shekara talatin bayan ta yi irin haka a 1994, ruwa ya shiga har asibitin koyarwa na jami'a, ya lalata na'urori, a daidai lokacin da gari ya fi bukatarsu. Ba a cika wata ba aka bayyana ɓarkewar kwalara a jihar Borno. Mai wankin ƙoda da aka ce ya dawo bayan sati uku, a wane layi na lissafi za a sa shi?

Mata sun fi shan wuyar wannan, ko da yake ba a cika jin bakinsu ba. Su ke tsoma hannu cikin ruwan suna kwalfewa, su ke wankin mai zawo, su ke haƙura da fitsari har dare a makarantar da aka tsugunar da iyali hamsin a kan makewayi biyu. Ciwon hanta nau'in E, wanda ke bin gurɓataccen ruwa, ga yawancin mutane shawara ce ta 'yan makonni, ga mai tsohon ciki kuwa yakan zama ajali. Mun gani a Difa a 2017, inda akasarin waɗanda suka rasu masu ciki ne. Sauro kuma yana jiran nasa rabon. Ba banza ba ne aka zaɓi Gaya don ƙaddamar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijar, a Satumban 2024. Sai dai sauron birni yana sake kama. Zazzaɓin dengi, wanda sauronsa ke ƙyanƙyasa a tsohuwar taya da gwangwani da tulun da ba murfi, kuma yake cizo da rana lokacin da gidan sauro ke rataye, ya kashe mutum kusan 700 a Burkina Faso a 2023. An kuma gano wani sauron maleriya ɗan asalin Asiya, mai son tankunan ruwa na birni, a jihar Gombe a 2020, daga baya a Gana.

Me hukumomi ke yi? Abin da ya fi sauƙin ɗauka a hoto. A zo da buhunan shinkafa da barguna da bokitai, a jera, babba ya miƙa, a tafa. Ba na raina shinkafa, mai yunwa ya san darajarta. Amma ihu ne bayan hari, kuma ba ya hana yaro ɗaya zawo. Inda aka kashe manyan kuɗi kuwa, a duba wa aka kare. Legas ta cike teku ta gina Eko Atlantic, da katangar duwatsu ta kilomita wajen takwas, don benayen masu hali. A birnin nan dai, tsakanin 2016 da 2017, aka rushe Otodo Gbame, unguwar masunta ta bakin ruwa, aka kori dubban mutane, ana kafa hujja da tsaro da tsabta. Wanda aka kora ba ya ɓacewa. Yakan matsa zuwa wani kwarin da ya fi na da zurfi, inda haya ta fi araha. Gaskiya dai Kwatano ta yi abin a yaba a 'yan shekarun nan, ta gina manyan magudanai da tafkunan tara ruwa a unguwanni da dama da kuɗin bashi daga waje. Saura a ga ko za a riƙa yashe su kowace shekara, domin a nan ayyukanmu suka saba mutuwa. Akara ta san haka: a daren 3 ga Yunin 2015 magudanan da suka toshe suka mayar da ruwa kan titi, mai ya malalo daga wani gidan mai da ke dandalin Kwame Nkrumah ya bi saman ruwan, wuta ta tashi, mutum sama da 150 da suka fake a wurin suka mutu.

Akwai masu cewa laifin talaka ne, shi ke zuba shara a lambatu, shi ke gini a hanyar ruwa. Rabin gaskiya ce. Ledar ruwa da muke sha mu yar, ita ce muke tsamowa daga kwalbati a watan Agusta. Amma matar da motar shara ba ta taɓa shiga lungunsu ba, ina za ta kai? Fulotin da ke cikin kwari kuma ba ita ta yanka ba, ba ita ta sa hannu a takardar ba.

Namu laifin yana wani wuri. A kowane zango, daga Kwatano har Agege, akwai sarkin Hausawa, akwai ƙungiyar 'yan gari kaza, akwai asusun da ake tarawa. In ɗan'uwa ya rasu, kafin azahar an haɗa kuɗin likkafani da na mota. Wannan zumunci ne da ba kowace al'umma ke da shi ba. To me zai hana asusun nan ya sayi takalman roba ga masu dako kafin Afrilu, ya ajiye ƙwayoyin tsabtace ruwa da ƙullin gishiri da sukari a ɗakin da samari goma sha biyar ke kwana? Mai amai da zawo rashin ruwa a jiki ke kashe shi, wani lokaci cikin yini ɗaya. Lita guda ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba shi ana hanyar asibiti: da yawa da wannan kaɗai za su kai. Kuɗin duka bai kai na mota ɗaya zuwa gida ba. Kuma a daina ɗora mai zawo a motar haya ta kwana biyu da sunan gata.

Waɗannan shugabannin zango su ne kuma za su iya fara lissafin da gwamnatoci suka kasa. Suna da littafin gudummawa, sun san wanda ya rasu da ranar. A ƙara layi huɗu: shekarunsa, unguwar da yake kwana, sana'arsa, da abin da ya yi fama da shi. A gida ma haka. Ƙananan hukumomi da yawa suna da ma'aunin ruwan sama, ana aika adadin milimita Yamai. Limamai da masu gina kabari sun san gawa nawa suka rufe a mako. In magajin gari ya sa mutum ɗaya mai biro ya haɗa biyun na shekara uku, za a ga makon da yara ke fara mutuwa bayan babban ruwa, a kuma san wace unguwa da wace rijiya. Da irin wannan takardar ake zuwa gaban gwamna ko masu ba da agaji a yi magana da ƙarfi.

Sauran aikin na watan Mayu ne, ba na Satumba ba. A ɗaga bakin rijiyoyi da siminti a yi musu murfi. A hana gina salga a gangaren da ke kallon rijiya. A kai ruwan ƙari da maganin zawo da na zazzaɓi da na saran maciji ƙananan asibitocin karkara tun hanya tana biyuwa, domin in ƙorama ta kawo, Junju ma nisa take yi, balle Gaya ko Doso. Mai ciki da watanta ya kama a Agusta, a matso da ita kusa da asibiti tun da wuri. Ma'aikacin lafiya kuma ya ƙara tambaya biyu ga duk mai zazzaɓi: daga ina ka dawo, ka ratsa ruwa?

Sai maganar iyaka. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gadar Gaya da Malanbil ta shiga rikicin siyasa, aka tare ta, jama'a suka koma kwalekwale da kayansu da marasa lafiyarsu. Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma a Janairun 2025. Wannan shawarar manya ce, ba ita nake tattaunawa ba. Abin da na sani shi ne mutanen Gaya da Malanbil da Kamba kasuwa ɗaya suke ci, kogi ɗaya suke sha, suna auren juna, kuma mai ƙetarewa ta kwalekwale ba ya bi ta gaban jami'in lafiya ko ɗaya. Idan kwalara ta ɓulla a Malanbil ranar Litinin, likitan Gaya ya kamata ya ji kafin Talata, daga bakin takwaransa, tun kafin rahoto ya je Kwatano ya zaga Yamai ya dawo. Likitocin gundumomin nan uku su riƙa kiran juna sau ɗaya a mako daga Yuni zuwa Nuwamba, kowa ya faɗi masu zawo nawa ya gani da ƙauyen da suka fito, kuma hukumominsu su ba su izinin yin haka a rubuce, don kada wani ya ji tsoron a ce ya yi magana da waje.